Yadda Ƙarya Ta Tukunya Za Ta Yi Fure Kowace Shekara

Wannan karo ba zancen dawa ko gyaɗa za mu yi ba. Zancen fure ne, mun kuwa sani akwai dattawan da za su ce fure ba ya zama tuwo. Gaskiyarsu. Amma a ƙungiyoyi da dama mata da samari sun fara dasa furanni cikin tukwane suna kai wa mutanen birni, kuɗin kuma yana shigowa da rani, sa'ad da rumbu ya fara yin ƙasa. Kukan da muke ji daga wurinsu iri ɗaya ne. An sayar da shuka tana cike da fure, ta yi kyau wata ɗaya ko biyu, daga nan shiru. Shekara ta kewayo, sai ganye kaɗai. Wata ma gindinta ya ruɓe ta faɗi. Mai saye ya komo yana cewa an cuce shi, ba ya kuwa sāke saye, har ya gaya wa maƙwabtansa.

Shukar da aka fi kawo ƙararta ita ce ƙarya. Yawancinmu mun san ta: ɗan guntun itace mai kumburarren gindi kamar jaririyar kuka, rassanta kaurara, fatarta da santsi. Furenta kamar bakin kakaki yake, mai leɓe 5, ja-ja a gefe, fari-fari wajen ciki. A tsofaffin garuruwa akan gan ta a ƙofar gida ko a jikin danga, tsirara ba ganye ko ɗaya, amma fure ya rufe ta a tsakiyar rani. Wani likita Bature mai suna J. M. Dalziel, wanda ya yi aiki a ƙasar nan, ya tara sunayen itatuwa na Hausa cikin littafin da aka buga a 1916. A ciki ya nuna dalilin sunan, watau da wuya a ga ta yi 'ya'ya. Ga fure tuli, ba ɗa. Za mu komo kan wannan a gaba, gama akwai dalilinsa, akwai kuma kuɗi a cikin saninsa.

Ƙarya ba baƙuwa ba ce. Tana fitowa da kanta a daji tun daga Senegal har Sudan, Habasha, Somaliya da Kenya, ta haye Bahar Maliya zuwa Yaman da Saudiyya. Masana itatuwa suna ce da ita Adenium obesum tun 1819, kalma ta biyun kuwa ma'anarta mai ƙiba. Danginsu ɗaya da tumfafiya da kwankwani. A Turai da Amurka shukar cikin ɗaki ce, suna ajiye ta a bakin taga domin sanyinsu yana kashe ta. A Tailan da Taiwan sun daɗe suna haɗa irinta, har sun fid da fara fat, da ja wur, da mai leɓe ninki-ninki. Su ne ake gani yanzu wurin masu sayar da furanni a bakin hanya a manyan garuruwanmu. Amma ko daga ina tukunyar ta fito, halin shukar na 'yar Sahel ne, da shi kuwa za a bi da ita.

Gindin nan rumbu ne

Bari mu dubi zamanta a daji. Tana son kan tudu, cikin duwatsu ko rairayi, inda ruwa ba ya kwana. Da damina takan yi ganye, ganyen yana haɗa mata abinci da hasken rana, ita kuwa tana tura abincin da ruwa cikin gindin nan har ya cika tim. Sa'ad da ruwa ya ɗauke, iska ta juyo, sai ta zubar da ganye ta yi shiru. Mai wucewa zai ce ta mutu. Daga baya sai huda ta fito a kan rassa, watau ƙananan ƙulle-ƙullen da za su buɗe su zama fure. Ba ganyen da yake ciyar da furen nan, ba kuma ruwan sama. Daga rumbu take ci.

Duk abin da za mu faɗa a nan daga wannan ya fito. Wanda yake son fure a Fabrairu da Maris, aikinsa yana cikin Yuli da Agusta. Shukar da aka saya cike da fure tana cin abin da mai rainonta ya tara mata bara. In ba a bar ta ta sāke cika rumbu ba, baɗi ba abin da za ta fitar. Abu biyu kuwa suke hana ta, dukansu daga ƙauna suke fitowa: a shigar da ita ɗaki domin kada rana ta dame ta, a kuma yi ta ba ta ruwa safe da yamma kamar renon tumatir.

Rana

Ƙarya tana bukatar rana kai tsaye, awa 6 a yini ko fiye. Hasken da yake shiga falo ta labule ya ishi idonmu, amma bai ishi ganyenta ba. Alamar ƙarancin rana a fili take: rassa su yi tsawo su sirance, su karkata wajen taga, ganye ya yi faɗi ya yi laushi, fure kuwa babu. Inuwar mangwaro ko ta dogonyaro ma haka take yi mata.

To, mai saye domin ado ya saya, yana so baƙi su gani. Ba laifi. Sa'ad da fure ya buɗe a iya shigar da ita falo, ko a kai ta wurin taro ko biki, kwana 3 zuwa 5, sa'an nan a mai da ita waje. In ta daɗe a duhu sauran hudar za ta kakkaɓe tun ba ta buɗe ba. Mai tukwane 2 ya huta, yana shigar da ɗaya yana fid da ɗaya.

Abin lura ɗaya. Shukar da ta yi watanni a ɗaki kada a fid da ita cikin ranar Afrilu gaba ɗaya, za ta ƙone. A fara da ranar safe mako guda, a riƙa ƙarawa.

Tukunya da ƙasa

Tukunyar ƙasa ta fi roba, gama tana shan iska, ruwa kuma ba ya daɗewa a ciki. Baƙar roba takan yi zafi ƙwarai da bazara har ta dafa saiwa. A zaɓi mai faɗin baki, marar zurfi, kamar kasko babba. Kada ta yi wa shukar yawa. In akwai ratar inci 1 ko 2 tsakanin gindin da bakin tukunya ya isa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ruwa kawai take riƙewa. Lalle ne a sami huda a ƙasan tukunyar, guda 3 ko 4, kowace yatsa ya shiga. Ƙungiyar da take da masu ginin tukwane a garinsu ta yi magana da su su huda tun yumɓun yana ɗanye, ya fi a zo ana fasa tukwane da ƙusa.

Dā akan ce a zuba tsakuwa inci 2 a ƙasan tukunya domin ruwa ya wuce. An gwada an ga ba ta taimakawa, sai ma ta matso da jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da saiwa. Tsingaro ɗaya a kan kowace huda domin kada ƙasa ta zube, shi ke nan.

Ga haɗin da muke amfani da shi: kwano 2 na yashin rafi mai kaushi, kwano 1 na ƙasar jigawa, kwano 1 na ruɓaɓɓen taki wanda ya shekara, da ɗan fasasshen gawayi cikin hannu 2. Inda ake noman shinkafa a iya ƙara buntun da aka babbaka. Kada a sa laka, ko ƙasar fadama, ko ta suri. A gwada kafin a dasa: a cika tukunya, a zuba ruwa. In ka ƙirga 30 ruwa bai fara ɗiga ta ƙasa ba, ƙara yashi.

Ruwa

A nan yawancin tukwane suke mutuwa, saboda haka za mu ɗan daɗe.

Mu ma mun yi hasara. Wata shekara mun jera tukwane 6 a gindin bango, daidai inda ruwan kwano yake zuba, muna cewa mun huta da ban ruwa. Marka ta zo a Agusta, kwana da kwanaki ba rana. Ganye ya fara rawaya, muka ce yunwa ce, muka ƙara taki. Da muka taɓa gindin ɗaya, sai yatsa ya nutse kamar cikin ruɓaɓɓiyar kabewa. Biyu kaɗai muka ceta.

Kada dai a ɗauka ƙarya ba ta son ruwa. Da zafi, tana da ganye, tana sha ƙwarai, ruwan kuwa shi ne yake sa ta girma. Abin da ba ta jurewa shi ne saiwarta ta zauna cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ba iska, balle a haɗa da sanyi.

Da damina ruwan sama ya ishe ta. Sai in an yi fari fiye da mako guda za a ba ta. A ɗora tukunyar a kan duwatsu ko bulo domin hudar ta sami hanya, kada kuma a sa faranti a ƙarƙashi. In marka ta kama, a janye ta zuwa ƙarƙashin rumfa ko baranda inda haske yake isa amma ruwa ba ya dukanta, a mai da ita fili in gari ya washe.

Daga Oktoba a fara janye hannu. Sau ɗaya a mako, daga baya sau ɗaya a mako 2. Ganye zai yi rawaya ya zube. A nan ne zuciya takan karaya, uwargida ta ga shukarta tsirara ta ɗauko buta. A daure. Zubar ganye da kaka ba ciwo ba ne, shiga hutu ne.

Da hunturu, watau Disamba da Janairu, babbar shuka marar ganye ruwa kaɗan sau ɗaya a mako 3 ko 4 ya ishe ta, da safe kuwa, ba da yamma ba. 'Yan'uwa na kan tudun Jos da Mambila su lura ƙwarai, gama a can sanyin dare yakan sauka wajen digiri 10, wani lokaci ƙasa da haka, ƙarya kuwa daga nan take fara wahala. A matso da ita jikin bangon da yake shan rana yana kuma tare iska, a bar ƙasarta a bushe. Busasshiyar ƙarya takan jure daren sanyi, jiƙaƙƙiya kuwa ruɓewa take yi.

Sa'ad da gari ya fara ɗumi, aka ga huda ko sabon toho a kan rassa, to, ta farka. A koma ba ta ruwa, da fari sau ɗaya a mako. Cikin zafin Maris da Afrilu, a wurare kamar Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram, tukunyar ƙasa takan bushe cikin kwana 2 ko 3, in kuwa aka bar ta da ƙishi a lokacin nan hudar za ta zube. Kwanakin nan da muka lissafa jagora ne kawai. Alƙali shi ne yatsa: a tura shi inci 2 cikin ƙasa. In da danshi a bari. In a bushe take a zuba sosai har ya fita ta ƙasa. Yayyafi kaɗan-kaɗan kullum shi ne mafi muni, sama a jiƙe, saiwar ƙasa da ƙishi.

Wani zai ce, ai tawa ina ba ta ruwa duk shekara, ba ta zubar da ganye, tana kuwa yin fure. Haka ne, a gari mai zafi takan yi haka, musamman irin da aka kawo daga waje. Fure ɗaya nan, biyu can, jefi-jefi. Wanda ya gamsu da wannan ba mu da faɗa da shi. Amma mai kai kaya kasuwa yana son tukwanensa su rufe da fure lokaci ɗaya, wannan kuwa sai shukar da ta ƙoshi da damina ta kuma huta da ɗari.

Taki

Ƙasar tukunya kaɗan ce, ruwa kuma yana wanke ta. Daga farkon damina zuwa Satumba a ba ta kamfa, watau 15-15-15, rabin murfin kwalbar lemo sau ɗaya a wata ga tukunya mai faɗin inci 10. A binne shi a gefen tukunya, nesa da gindi, cikin ƙasa mai danshi. Wanda ba shi da takin zamani ya barbaɗa ruɓaɓɓen takin awaki cikin hannu ɗaya a sama, sau 2 a damina. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa.

Yuriya kuwa a bar wa masara. Za ta ba ka ganye kore shar da dogayen rassa masu taushi waɗanda ƙwari suke so, fure kuwa kaɗan. Daga Oktoba a tsai da taki ɗungum. Shukar da take hutu ba ta ci, gishirin takin sai ya taru ya cuce ta.

Datse rassa

Ƙarya a kan reshe take yin fure, can ƙarshensa. Mai reshe 2 wuri 2 ke nan, mai reshe 12 wuri 12. In an bar ta yadda take so, sai ta yi dogayen bulali biyu ko uku da ɗan fure a can sama. In an datse reshe, 2 ko 3 sukan fito a ƙarƙashin wurin yankan.

Lokacinsa shi ne bayan fure ya ƙare, kafin ruwa ya zauna, wajen ƙarshen Afrilu zuwa Mayu. Ta haka sababbin rassa za su sami damina duka su yi ƙwari. Wanda ya datse a Agusta ya buɗe wa ruɓa ƙofa. Wanda ya datse a Nuwamba kuwa furen ranin nan ya yanke da hannunsa.

A wasa wuƙa, a wanke ta da sabulu ko a gasa bakinta a wuta. A bar inci 3 ko 4 na kowane reshe, a yanka a karkace domin kada ruwa ya zauna a kai. A share ruwan da yake fitowa da tsumma, a shafa toka ko garin gawayi, a kuma kiyaye ta daga ruwan sama mako guda.

Irin waje masu leɓe ninki-ninki yawancinsu 'yan aure ne, kamar mangwaro: kan daban, gindin daban. A nemi tabon auren a jikin reshe, a yanka a bisansa. Duk tohon da ya fito ƙarƙashin tabon a cire shi, in ba haka ba zai rinjayi na saman, shekara 2 sai ka ga furen ya koma irin na gida.

Bayan shekara 2 ko 3 za a ga saiwa ta cika tukunya, wani lokaci har ta tsaga ta. A canja a lokacin nan na datsa. A zare ta, a kakkaɓe tsohuwar ƙasa, a yanke matattun saiwoyi, a bar ta a inuwa kwana 3 ta sha iska. Wajen dasawa a ɗaga gindin sama da inda yake dā kamar inci 1. Wannan yana fid da ƙibar a fili, abin da masu saye suke so ke nan, yana kuma rage ruɓa. Kada a ba ta ruwa sai bayan mako guda. Farar fatar da aka tone ba ta saba da rana ba, a rufa mata tsumma ko ciyawa mako 2.

In gindi ya yi laushi

Laushi iri biyu ne, maganinsu kuwa kishiyoyi ne. In ƙasa a bushe take, gindin duka ya ɗan yanƙwane amma ba wari, ba baƙi, ƙishi ne. A ba ta ruwa, cikin 'yan kwanaki za ta cika. In kuwa ƙasa da danshi, wuri ɗaya ya yi taushi, ya yi duhu, yana tsattsafo da ruwa ko yana wari, ruɓa ce, ba ta kuwa jira. A zare ta ran nan. A yanke ruɓaɓɓen wurin, a yi ta yanka ana share wuƙa har a kai farin nama mai tsabta, ko da rabin gindin zai tafi. A shafa toka, a rataye ta ko a kwantar a inuwa mai iska mako 1 zuwa 2 har wurin ya bushe ya yi ɓawo. Sa'an nan a dasa cikin sabon yashi, a jinkirta ruwa. In gindin ya tafi duka, a ceci rassan da ba su taɓu ba a dasa su.

Ƙwari ba su cika kashe ta ba, fure suke ɓatawa. Akwai darɓa rawaya, irin wadda ake gani a jikin tumfafiya, tana taruwa a kan toho da huda. Akwai farin ƙwaro mai kama da auduga a hammatar ganye. In ka ga tururuwa tana hawa tana sauka, duba, suna nan. Ruwan sabulu marar ƙarfi, ko ruwan dakakkun 'ya'yan dogonyaro da aka jiƙa kwana ɗaya aka tace, ya isa. A fesa da yamma, gama da rana yana ƙone ganye. Babbar tsutsa koriya mai cinye ganye dare ɗaya kuwa a tsince ta da hannu.

Abin da ya sa ba ta 'ya'ya

Yanzu mu koma kan sunan. A garuruwanmu da reshe ake yaɗa ƙarya. Wannan ya karɓa wurin wancan, wancan wurin kakarsa, har ka tarar dukan na unguwa jikin itace ɗaya ne. Yawancin ƙarya kuwa ba ta ɗaukar ciki da garin furenta na kanta, sai na wata dabam. Ga shi kuma an ɓoye garin can cikin maƙogwaron furen, ƙarƙashin wani ɗan abu mai kama da jinka, inda sai ƙwaro mai dogon baki yake kaiwa. Ashe ba ƙarya take yi ba, abokin aure ta rasa.

Dasa reshe yana da sauƙi. A sami mai tsawon inci 6 ko fiye, a bar shi a inuwa kwana 4 zuwa 7 bakin ya bushe, a soke cikin yashi mai ɗan danshi. Wajen wata ɗaya ko ɗaya da rabi zai yi saiwa, yakan kuma yi fure da wuri. Amma ba ya yin ƙaton gindin nan sai bayan shekaru, shi ma a cikin ƙasa. Wadda aka shuka daga iri tun tana 'yar wata 2 take fara tumbi, ita ce kuwa mai tsada.

Saboda haka ƙungiyar da take son iri ta nemo shuka daga wurare dabam dabam, ta jera su kusa da juna lokacin fure. Mai haƙuri ya iya taimaka musu: ya tsaga gefen furen, ya buɗe 'yar jinkar da siririn tsinke, ya ɗebo garin, ya kai shi ƙarƙashin kan ɗan sandan da yake tsakiyar furen ɗaya shukar. In ya kama, 'ya'ya za su fito biyu a haɗe kamar ƙahonin sa. Sukan yi wata 2 zuwa 3 kafin su nuna. A ɗaure su da zare tun ba su fashe ba, gama kowane ƙwayar iri yana da gashi a kai da gindi, iska kuwa za ta kwashe su kamar na tumfafiya. A cire gashin, a kwantar da irin a kan yashi mai danshi, a rufe shi sama-sama. Sabon iri yakan tsiro cikin mako guda. Ba ya jure ajiya, in ya yi watanni yawancinsa ya mutu. 'Yan ƙanana ba a sa su hutun ɗari a shekarar fari, rumbunsu bai kai ba, a riƙa ba su ruwa kaɗan-kaɗan. Sukan fara fure cikin shekara 1 zuwa 2.

Gargaɗi ga samarinmu masu saye ta waya: irin da ake talla a intanet da hoton fure shuɗi, kada ku ba da kuɗinku. Ba ƙarya mai shuɗin fure, hoton aka rina. Ko irin mai leɓe ninki-ninki na gaske ma, 'ya'yansa ba lalle su yi kama da uwar ba. Shi ya sa ake yi musu aure.

Dafi

Wannan kada a manta da shi ko kaɗan. Ruwan jikin ƙarya dafi ne mai taɓa zuciya. A ƙasashen Afirka da dama maharba sun yi dafin kibiya da shi, masunta kuma sun kashe kifi da shi. A ajiye tukunya inda yara masu rarrafe ba su kaiwa. Bayan datsa a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a taɓa ido, a wanke wuƙar ma, kada kuwa ta zama wuƙar yanka albasa. Rassan da ba za a dasa ba a binne su, kada a zubar inda awaki suke kiwo. Ko wani ya ce magani ce, kada a jiƙa a sha. In yaro ya tauna ganye ko fure, a kai shi asibiti nan da nan ko bai fara amai ba, a tafi da reshen domin likita ya ga abin da ya ci.

Wajen sayarwa

A kai tukunya kasuwa sa'ad da fure 2 ko 3 suka buɗe, sauran suna huda, domin mai saye ya more ta makonni. Kada a sayar da reshen da aka soke jiya a ce shuka ce. Zai yi fure da abin da yake jikinsa ya mutu, sunan ƙungiya kuwa ya tafi tare da shi.

Kowace tukunya ta tafi da 'yar takarda, ko a faɗa wa mai saye da baki: ta zauna a rana, kada a ba ta ruwa sai ƙasa ta bushe, in ta zubar da ganye da ɗari ba mutuwa ta yi ba, a kuma nisanta ta da yara. A gaya masa ya komo da ita a watan Mayu, ƙungiya ta datse masa, ta canja ƙasa a kan ɗan kuɗi kaɗan. Rassan da aka yanke kuwa na ƙungiya ne, a busar da bakinsu a dasa.